Injin Fetur, Injin Gas da Irin Doyar Ladi

Ran Asabar da ta wuce na ji ɗaya daga cikinku, ku sababbin shiga ƙungiya, yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin injin ruwa ba wani abu ba ne, ka ja igiya ruwa ya fito. Bakina cike yake da goro a lokacin. Amma da na koma gida na ɗauki biro. Ni Talatu, wadda kuke kira Inna Mai Inji, sai da na aurar da 'yata ta fari kafin na koyi riƙe biro, saboda haka idan kuka ga na zauna rubutu ba wasa ne ya zaunar da ni ba. Ku karanta. Wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi.

Kun sha tambayata me ya sa motar kashe gobararmu take ɗauke da inji biyu: babban na gas, wanda 'yan boko ke kira dizal, ɗaure da noti a bayan tanki, da ƙaramin na fetur a gefe, cikinsa wayam ko ɗigo babu. Har na ji ana raɗa wai tsufa ne ya sa nake mance zuba masa mai. Ba mantuwa ba ce. Dalilin yana wajen ƙawata Ladi da irin doyarta, wanda saura ƙiris ya ƙare a duniya, ita kuma ta bar mana garin. Amma kafin in kai ku can, sai kun san inda hannun nan nawa ya fito.

Injin farko da na buɗe nawa ne, na markaɗe. A Sabon Gari nake a lokacin, ina markaɗa wa masu ƙosai wake, masu abinci kuma tattasai. Wata safiya ya tsaya cak. Makanike ya ce gobe, da goben ta zo ya ce jibi, ga robobin waken mutane a jere suna tsami. Na ari sifana wajen mai faci, na kwance duk abin da ya yarda ya kwantu, na jera a kan faranti. Da na zo mayarwa sai ga notuna sun yi saura, ban san gidansu ba. Na ƙulle su a bakin zani, na ɗora injin a baro, na tura shi har garejin Baba Ndagi, wani tsohon Banufe mai gyara wa masu lambu injinan ban ruwa.

Ya leƙa baron, ya dube ni.

"Wa ya yi wa injin nan wannan aika-aika?"

"Ni ce, Baba."

"Da me?"

"Da sifanar mai faci."

Ya ɗauki notunan ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a rana. Can ya ce, "Ba ki cinye kan ko ɗaya ba. Ƙattin nan nawa kullum sai sun cinye. Gobe ki zo da tsumma."

Tsumman kuwa shi ne aikina damina guda da rani guda. Wankin kayan inji, goge sifana, mayar da kowace ƙusarta a jikin allo. Ba ya barin in taɓa inji sai dai in saurare shi. Yakan tayar da ɗaya, ya sa in juya baya, ya ce, "Me ke damunsa?" In na ce fulogi alhali iska ce yake ja ta wani tsage, sai ya ce, "Koma ki wanke kunnenki tare da kafireto." Ku da kuke zuwa da waya a kunne kuna jin waƙa, da wane kunnen za ku ji inji?

A wajensa na san halin injinan nan biyu. Na fetur marar nauyi ne, ja ɗaya ya tashi, kuma duk mai gyaran babur ya san fuloginsa. Amma ba ya son zama. Ka bar masa mai a ciki ka tafi sabgarka, sai man ya tsufa, ya riƙa warin tsohon fenti, ya yi danƙo ya toshe wata 'yar ƙofa wadda ba ta fi kafar allura ba a cikin kafireto, inda mai ke gauraya da iska. Ranar da kake buƙatarsa kuwa ka ja igiya har kafaɗarka ta goce, ba zai ko yi tari ba. Sannan ba a ƙara masa mai yana da zafi a kusa da wuta, sai in ka gaji da gashin girarka. Na gas kuwa nauyi gare shi kamar buhunan siminti, ba shi da fulogi, da hannu ake murza shi. Yana shan mai kaɗan, ya yi aiki tun safe har yamma bai gaji ba, zafin wuta bai dame shi ba. Laifinsa ɗaya: ka bar mansa ya ƙare, sai ya haɗiyi iska, daga nan sai ka durƙusa da sifana kana lallashinsa har ya amayar da ita. Kuma wajen murzawa babban yatsanka ya bi sauran yatsun, kada ka zagaya shi a jikin ƙarfen. Baba Ndagi da kansa yatsansa a karkace yake, nan ne inji ya mayar masa da martani yana saurayi.

Wani mai lambu daga bakin kogin Chanchaga ya taɓa kawo mini injinsa a fusace, wai na gyara masa shekaranjiya ga shi ya ƙi jan ruwa, in biya shi tumatirinsa da ke bushewa. Na buɗe gidan fanka mai jan ruwa a gabansa. Ƙaton kwaɗo ne a ciki, ya kwanta abinsa. Na ɗago shi da ƙafa na ce, "Ga mai laifin, ka kai shi ƙara. Ina kwandon da na ce ka sa a bakin tiyo?" Ya ce matarsa ta ɗauke tana wankin kifi da shi. Irin mutanen da na yi wa aiki ke nan: masu lambu, masu buga bulo, masu wankin mota, masu yashe rijiya. Kowa ya zo sai ya rantse bai taɓa komai ba, da kansa ya tsaya.

Da Baba ya yaye ni, na kafa rumfata a bakin hanyar Garatu, kusa da inda ake lodin doya. A nan na haɗu da Ladi. Bagwariya ce, ko da yake in na faɗi haka sai ta harare ni ta ce in ce Gbagyi. Manomiya ce, tana kuma da injin niƙan hatsi na gas, wanda take murzawa da hannu ɗaya tana hira. Ita ke zuwa coci ran Lahadi, ni ke jan carbi, amma bakinmu ɗaya wajen faɗa da masu sayar da kayan gyara. Su ne ma suka kai mu makaranta. Duk sil ɗin hana yoyo da na aika a sayo sai a ba ni wanda ba lambarsa ba, don ban iya karanta abin da ke jikin kwali ba. Ladi ta ce ita ma ta gaji da dangwala yatsa a takarda. Muka shiga ajin yaƙi da jahilci tare, a wata firamare bayan yara sun tashi, muna zaune a bencin da gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin teburinsa.

Ladi tana da wani irin doya da ta gada wajen kakarta ta Kuta. Fara ce sol, in aka daka sakwararta sai ta riƙa miƙewa a hannu ba gudaji ko ɗaya. Babu mai irinta a yankin nan. Ba ta sayar da irin, ba ta bayarwa. Ni da nake ƙawarta na roƙa, ta ce, "Ki zo ki ci dai, Talatu. Ci kyauta ne." Bayan an haƙe doya takan tara irin a gona ƙarƙashin rumfar ciyawa, ta lulluɓe shi da busasshen ganyen doya don kada rana ta dafa shi kafin shuka. Kun ga ke nan abin da ta fi so a duniya yana kwance cikin abin da wuta ta fi so.

Wuta kuwa ba ta yi mana wuya da rani. Samari su cinna wa daji don su kori gafiya daga rami, iska ta kwashe ta ta yi gonaki da ita. 'Yan kwana-kwana suna cikin gari, mu muna nan bakin hanya, ciyawa kuma ba ta jira. Shi ya sa 'yan kasuwa da manoma da 'yan acaɓa suka haɗu aka kafa ƙungiyar sa-kai. Direba Bawa, wanda ya ajiye tuƙin babbar mota, ya ba da tsohuwar a-kori-kurarsa, aka yi mata waldar tanki. Da aka zo kan inji, Sale, shugaban 'yan acaɓa, ya fi kowa murya, aka sayi na fetur. Aka ce ni zan riƙa dubawa. Na cika masa tanki, na rufe shi da buhu, muka yi ta jin daɗi muna da motar kashe gobara.

Sai mugunyar shekara ta zo. Wata rana da la'asar wuta ta faɗa gonar Ladi. Muka isa a kan lokaci, wallahi a kan lokaci muka isa, rumfar ko hayaƙi ba ta fara ba. Sale ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Na buɗe murfin tanki na leƙa, sai ga ƙasan ƙarfe yana kallona a bushe. Aka ɗebo mai daga babur aka zuba, nan ma ya ƙi, don ɗan guntun da ya kwana a kafireto ya riga ya zama danƙo. Ina durƙushe ina kwance shi, rumfar Ladi ta kama. Da tanki cike da ruwa a bayanmu muka tsaya muna watsa bokiti.

Ina man ya tafi? A inuwar mangwaron da 'yan acaɓa ke jiran fasinja ake ajiye motar. Duk wanda mai ya yanke masa sai ya zura ɗan tiyo, ya tsotsa, ya ɗebi na kaiwa gidan mai.

"Aro ne, Inna," in ji Sale, kansa a ƙasa. "Kowa da niyyar mayarwa yake ɗiba."

"To niyyar ce za ta tayar da injin?"

Abin da ya rage wa Ladi 'yan kawunan doya ne da ta kai gida cikin kwando don su ne suka fi kyau. Ta yayyanka su ƙanana ta shuka, abin da ya fito ta sake mayarwa ƙasa. Damina bayan damina ba ta ɗanɗani sakwarar doyarta ba, ba ta ba kowa ba. Ɗanta Yohanna, wanda ke aiki a Suleja, ya yi ta zarya yana cewa ta bar wahalar nan ta koma wajensa, ya riga ya gyara mata ɗaki. Ta ce masa a gabana, "In irin nan ya sake ƙonewa, ka zo da mota, ba zan yi gardama ba. In dai yana raye, ina nan." Ni ma shekarar ba ta bar ni ba. Magana ta zagaya cewa injin Talatu ne ya ƙi tashi, masu lambu suka riƙa wuce rumfata da injinansu a bayan babur suna kau da kai.

Aka kira taro a gindin mangwaro don a sake shawara. Ranar na ga gardama. Direba Bawa ya miƙe, yana buga sandarsa a ƙasa.

"Tun farko na faɗa muku, na gas! Injin maza. Wa ya taɓa ganin babbar mota tana shan fetur? Kuma in akwai mai ƙarfin hali a cikinku ya zuba gas a babur ɗinsa mu gani."

Sale ya ce, "Haba Baba Direba, kafin ka gama murza wannan tsohon naka ai wutar ta ci ta ƙoshi ta wanke hannu. Namu ja ɗaya ne."

"Ja ɗaya? Ranar nan ja nawa ka yi? Na ga har wandonka ya yage."

Aka kwashe da dariya, har Sale. Ya ce, "Naka kuma in hanya ta ƙare wa zai ɗauke shi? Kai da wannan bayan naka?"

Suka juyo gare ni wai in raba. Na ce duka biyun za mu ɗauka. Akwai wani mataccen na gas wajen mai bulo, ni zan tashe shi da hannuna. Shi zai zauna a mota yana harba ruwa, makullin tankinsa kuma a ƙugun Ladi, in akwai wanda zai iya roƙonta aro ya gwada. Na fetur kuma daga yau ba zai ƙara kwana da mai ba. Duk Asabar a zuba masa ɗan mai a tayar da shi, a rufe masa famfon mai ya shanye na cikinsa har ya mutu da kansa, a kwance ɗan notin ƙasan kafireto a tsiyaye saura.

Sale ya ce, "To ranar gobara fa, Inna, da me zai tashi? Da addu'a?"

"Da na cikin baburanku. Sabo ne kullum, ba ya tsufa. Kun sha nasa, yanzu shi zai sha naku."

Aka yi ta tafi. 'Yan acaɓa suka yi dariyar yaƙe suka yarda, don a ganinsu ranar ba za ta zo ba.

Ta zo kuwa, a ranin da Ladi ta ce mini irin ya dawo yadda yake, bana za ta yi daka. Bayan azahar ina cikin ɗaura wa wani injinsa sai ga wata Bafulatana mai tallan nono a guje, ƙwarya a hannu, tana cewa wuta ta tsallako tudu ta nufi gonar mai injin niƙa. Na ɗauki guduma na buga tsohon wilin mota da muka rataye a mangwaro don kiran mutane. Ladi ta fito daga ɗakin niƙa fara fat da gari, ta haye bayan mota. Direba Bawa ya ba motar wuta, baburan suka wuce mu kamar an kori tsuntsaye daga gona.

Mun tarar da wutar tana cin karan dawa a gonar maƙwabci, tana ƙara kamar ana tuyar ƙosai a babban kasko. Na ce kada wanda ya bi ta, ba za mu iya mata ba. A jiƙa rumfa, a jiƙa ciyawar da ke gabanta, maza su sari ɗanyen reshe su tsare gefe. Ladi ta tofa yawu a tafinta ta kama hannun injin gas, ni na danne ɗan ƙarfen da ke sassauta shi. Ta murza, ta murza, har ya ɗauki gudu, ta ce, "Saki!" Na saki. Ya yi tum, tum, tum, ya tofar da baƙin hayaƙi, tiyo ya miƙe a hannun mutum biyu. Direba Bawa yana ta ihu, "Kun ji muryar manya!"

Sai dai tankin a-kori-kura ba kogi ba ne. Muna cikin haka na ji muryar injin ta canza, ta yi sama, alamar ya fara jan iska maimakon ruwa. Na kashe shi nan take, don in fanka ta juya a bushe sil ya ƙone, an gama. Rabin ciyawar kawai muka jiƙa, wutar kuma ta karkato ta ɓangaren da ya rage.

Akwai rafi a bayan gonar, rani ya bar masa wani gurbi mai ruwa, amma yana can ƙasan kwazazzabo. Mota ba ta zuwa. Na gas kuwa ko an kwance shi babu mai saukar da shi. Sale da wani dogon abokinsa suka ciccibi ƙaramin, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Hanyar ta mutum ɗaya ce, ga tsakuwa. Ba su yi nisa ba dogon ya zame, Sale ya zauna daɓas, injin a cinyarsa, yana salati.

Ladi ta ce, "Ku ba ni nan, 'ya'yana, kada ku kashe mini shi."

Ta cire ɗankwali ta ninke a kafaɗa. Ku da kuka tashi a nan kun san matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, tun suna yara da ƙwaryar doya da itace. Ta ɗaga injin ta aza shi a gefen wuya, ta riƙe da hannu ɗaya, kanta a sake tana kallon inda take taka ƙafa. Ta gangara kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Ni ina biye da tiyon tsotso da kwando, sauran suna warware dogon tiyo daga mota zuwa ƙasa.

Saura mai. Na hau sama da galan na ce, "To, ranar biya ta zo."

A nan ne dokata ta kusa kunyata ni. Shekarar fetur ya yi tsada, ba mai cika tanki, kowa kwalba-kwalba yake saye yana aiki. Sale ya zare tiyon ƙasan tankinsa ya buɗe famfo, sai ga mai yana zuba siriri kamar fitsarin jariri.

"A rizab nake, Inna, guntun ƙarshe ke nan."

"Ni ma," in ji na bayansa. Duk a rizab suke.

Na ce a kwantar da baburan. Aka riƙa kama kowanne mutum biyu, a karkata shi a jijjiga har ɗigon ƙarshe ya faɗa galan. Dogon nan ya riƙe nasa yana marairaicewa.

"Inna, don Allah ki bar mini na komawa gida."

"Ƙafarka ma fetur take sha? Kwantar da shi!"

Abin da aka tara bai kai rabin tankin injin ba. Na sauka da shi a ƙirji kamar jinjiri. Ladi ta riga ta sa bakin tiyo cikin kwando ta nutsa shi inda ba yashi, ta cika gidan fanka da ruwa, don ta sha ganin ina yi. Na zuba man a can bakin rafi, nesa da wuta, inda ya kamata a zuba fetur. Sale ya naɗe igiya a hannu ya dube ni. Na ce, "Kafireton nan ni na tsiyaye shi ran Asabar. Ja."

Ja ɗaya ya tashi. Sale ya daka tsalle cikin ruwa har gwiwa.

"Fetur! Ina Baba Direba? A gaya masa ja ɗaya!"

Na rage masa wuta don man ya daɗe. Muna kallo tiyo ya kumbura yana hawa tudu, har muka ji ruwa yana zuba a tankin mota. Daga sama sai ga tum, tum, tum. Direba Bawa ne da kansa ya murza, da bayan nan nasa. Muna jiyo shi yana cewa, "Gas! Ƙaramin ɗan aike ne kawai, ga mai aikin nan!"

Ƙaramin yana ɗebowa, babban yana harbawa. Aka jiƙa sauran ciyawar har ta kwanta. Wutar ta iso, ta yi ta huci a bakin jiƙaƙƙen wurin, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai. Sai ta rabu biyu ta zagaye rumfar, ta tafi ta mutu a bakin kwazazzabo inda ba abin ci. Ba a daɗe ba ƙaramin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mansa ya ƙare ƙaf.

Ladi ta hau tudun nan ba ta ko tsaya numfashi ba. Ta yaye jiƙaƙƙen ganyen, ta zaro kai ɗaya, ta kankare shi da farce. Fari sol, da danshinsa. Ta zaro wani daga can ƙarshe, shi ma haka. Sai ta aza shi a kafaɗa ta kama rawa, ga gari, ga toka, ga laka a jikinta, tana kiran sunana, "Talatu, yana da rai! Talatu, ki zo ki gani!" Na ce ta bar rawa, gobe da sassafe sai mun baje shi a inuwa ya sha iska, in ba haka ba ruwan da ya cece shi shi zai ruɓar da shi. Ta ce na cika ɓata wa mutane daɗi. Na shiga rawar.

Wutar ba ta tafi hannu wofi ba. Akwai tsibin doyar ci da ke waje, shi ta gasa mana. Ladi ta ɗauko manja da barkono daga bukkar gona, aka zauna a kan toka ana ɓarewa ana ƙona yatsu. Sannan aka kama hanyar gida: mota a gaba tana tafiya a hankali, bayanta jerin 'yan acaɓa kowa yana tura babur da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da gasasshiyar doya. Masu lodi a bakin hanya suka tsaya suna kallo. Wani ya ɗaga murya, "Sale, kama ku aka yi?" Sale ya ce, "Bashi muka biya, ka matsa mu wuce."

Labari ya kai Suleja a karkace, aka ce wa Yohanna gonar uwarsa ta ƙone. Ran Asabar sai ga shi da mota, har da igiyar ɗaure kaya. Ya tarar da mu muna juya iri a inuwa. Ladi ta ce, "Ka kyauta da ka zo da igiya." Ta cika masa bayan mota da doyar ci da ke gida, ta ɗaure da igiyar, ta ce ya gaishe da yara.

Abin da ban taɓa zaton zan gani ba shi ne wanda ya biyo baya. Da lokacin shuka ya yi, ta zo gindin mangwaro da kwando a kafaɗa. Duk wanda aka kwantar da babur ɗinsa ranar nan ta ba shi kai biyu na irin kakarta, ta ba Direba Bawa, ta aika wa Bafulatanar nan, ni ma da na yi shekara da shekaru ina roƙo ta ajiye mini nawa a kan bencin aiki.

Na ce, "Ladi, lafiya? Ke ce kuwa?"

Ta ce, "Na gaji da ajiye shi a rumfa ɗaya. Yanzu in wuta tana so sai ta bi ku gida-gida."

To, kun ji. Ran Asabar mai zuwa wanda ya ce aikin jan igiya ne kawai ya zo da wuri. Shi zai tayar da ƙaramin, ya jira ya mutu, ya tsiyaye kafireto, sannan ya murza babban a gaban Ladi, in ga inda zai sa babban yatsansa. Kuma kowa ya zo da mai a babur ɗinsa, don ban san ranar da zan ce a kwantar ba. Wanda ya yi da kyau zan tafi da shi gidan Sale. Doyarsa ta irin Ladi ta yi bana, matarsa za ta daka, Direba Bawa ma yana zuwa. Har yau ba su gama gardamar ba, sai dai yanzu a akushi ɗaya suke yin ta, baki cike da sakwarar Ladi.